Shekarar da Falmata Ta Amsa Lissafi da Allura

Ishaku, kai na fi nufi da wannan babin, domin kai ne ka dawo gida ran nan da leɓe a fashe, riga a yage, aka yi juyin duniya ka ƙi faɗin abin da ya haɗa ka faɗa. Ni na sani. Ɗan maƙwabtanmu ne ya ce maka an kori uwarka daga makarantar Mafoni saboda ta ba wata ɗaliba satar amsa. Saratu da Hannatu ma sun ji maganar a bakin famfo, sun ji ta har a ƙofar coci, amma a cikinku babu wanda ya taɓa buɗe baki ya tambaye ni. Kun yi mini kara, na gode. Sai dai karar ta yi tsawo, ga shi har na yi ritaya, kaina ya yi fari, kuma ba na so wata rana jikokina su ji labarin daga bakin wanda bai san yadda aka yi ba. To ku gyara zama.

Shekarar nan ce da Maiduguri ta cika ta batse da mutanen da suka gudo daga garuruwansu. Ina koyar da lissafi a aji biyar, ajin kuwa ya cika har bakin ƙofa, wasu a benci, da yawa a ƙasa, in zan je bayan aji sai na riƙa ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. A jikin bango, can ƙurya, akwai wata doguwar yarinya mai suna Falmata. Ta girmi kowa a ajin, domin wannan ne karo na uku da take zama a aji biyar, kuma lissafi ne yake danne ta kullum. Sun zo daga wajen Bama ita da mahaifiyarta da ƙannenta, uban kuma ba a san inda yake ba. Malamai sun riga sun yanke mata hukunci. Wasu suka ce firgicin gudu ne ya taɓa ta, wasu suka ce ƙwaƙwalwar ce dai ba ta ja. An ma kai ta asibiti an duba idon, aka ce garau yake. Ni abin da ya hana ni sakat shi ne, in na faɗi tambaya da baki, sai in ga leɓenta ya motsa tun kafin masu ɗaga hannu su ɗaga. Amma in ta zo kan takarda, wayyo! Sha biyu sai ta koma ashirin da ɗaya, lambar da ya kamata ta zauna ƙarƙashin 'yar'uwarta sai ta zame gefe, in ta ɗaga kai ta dubi allo ta dawo, ta manta layin da take. Na taɓa zuwa wata bita inda wata mata ta yi mana bayanin cewa akwai yaran da Allah ya yi su haka, suna gane lissafi amma rubutacciyar lamba ba ta tsaya musu wuri ɗaya. A lokacin na saurara ne kawai ina jiran a raba shinkafa. Sai da na haɗu da Falmata maganar ta dawo mini.

Wata rana lokacin tara ban fita ba, ƙafata na ciwo. Ita ma ba ta fita ba, ta zaro hula daga jakarta tana ɗinki, don da shi suke ci a gidansu. Na matsa na tsaya a kanta ina kallo. Kun san hular mutanen Bama, gida-gida ne ƙanana, furanni sun zagaye ta, in aka yi kuskuren gida ɗaya zanen ba zai haɗe a baya ba. Na ce mata yaya take sanin inda kowane fure zai fara. Kanta a ƙasa ta amsa, da kyar nake jin ta.

"Zagayen gida tis'in da shida ne, Malama. Fure takwas, kowanne ya ci sha biyu."

"To in mai hular ya ce fure shida yake so fa?"

"Sha shida-sha shida ke nan."

Allurar ko tsayawa ba ta yi ba. Yarinyar nan da safen ranar na ba ta sifili a rabawa. Na koma kan kujerata na zauna, ciwon ƙafar ma na manta da shi.

Ba a yi mako ba sai ga mahaifiyarta, Ya Gana, ta zo makaranta, ta naɗe da lafaya mai ruwan ƙasa. Mace ce marar yawan magana. Muka yi wushe-wushe, gaisuwarsu ta Barebari, ta zauna a bakin baranda, ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da kwana-kwana ba.

"Malama, ba faɗa na zo ba. Kun yi ƙoƙari. Amma yarinya ta girma, ƙannenta sun kamo ta, yara suna yi mata dariya a hanya. Wannan jarrabawar in ta sake faɗuwa, ta zauna gida mu yi hula. Ba zan ƙara tura ta ana kallonta ba."

Ban ga laifinta ba ko kaɗan, ni ma uwa ce. Na roƙe ta dai ta bari a yi jarrabawar ƙarshen shekara tukuna, ta ce ai abin da ta faɗa ke nan.

Na tafi wurin hedimasta, Malam Bukar, Allah ya saka masa da alheri. Mutum ne mai tsoron ofis kamar me, amma zuciyarsa fara ce. Na ce a bar ni in gwada yarinyar da baki a gabansa, ya ji da kunnensa. Ya yarda. Ni kuwa har na fara taƙama, ina cewa a raina yau za su sha mamaki. Aka kira Falmata ofis. Tana shiga ta ga dattijo mai furfura a kan kujera, sai ta tuɓe takalmi, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. Ya yi tambaya ta fari, shiru. Ya sassauta murya ya sake, shiru. Na ce, Falmata, buɗe baki mana! Sai hawaye. Ashe na manta da gidan da ta fito. Yarinyar da aka raina a kan cewa ba a ɗaga murya a gaban babba namiji, ba a haɗa ido da shi, balle a tsaya ana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya kamar sa'a, ita na kawo gaban hedimasta na ce ta yi magana. Ko ni da take gani kullum, raɗa take yi mini. Malam Bukar ya sallame ta, ya dube ni da tausayi.

"Malama Rahila, na yarda da ke. Amma ko da ta amsa, me zan nuna in an tambaye ni? In ce na ji da kunnena?"

Na dawo gida rai a ɓace, na huce a kan tukunya. Babanku yana zaune ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida da rediyonsa, na zazzage masa labarin kaf ina jiran ya taya ni jin haushi. Ina! Kun san shi, akawu ne har cikin ƙashi, mutumin da ko kuɗin cefane sai ya ji dalili.

"Hedimasta ya fi ki gaskiya, Maman Ishaku. Jarrabawar da ba ta bar shaida ba ai hira ce."

"To sannu, alƙali. Takarda ta ƙi ta, baki ya ƙi buɗuwa, da me kake so ta amsa? Da ƙafa?"

"Ni na sani? Ke kika ce da allura a hannunta ta ba ki amsa."

Ya faɗa ne don ya kashe bakina, ya mayar da kunne ga rediyonsa. Ni kuwa ludayi na hannuna na tsaya. Washegari da aka tashi makaranta na biya kasuwa na sayo yadi fari mai gida-gida da zare kala uku.

Abin da na tsara ba wani abin mamaki ba ne. Kowace tambaya tana da layinta a jikin yadin. Jan zare na ɗari-ɗari ne, shuɗi na goma-goma, baƙi na ɗaiɗai. In amsa ɗari biyu da talatin da huɗu ce, sai ta cike gida biyu da ja, uku da shuɗi, huɗu da baƙi. Launi ba ya juyewa, kuma abin da aka ɗinke ba ya zamewa gefe. Inda sauran yara suke da takardar gwaji ta yin aiki, ita na tanadar mata ƙwallayen aduwa a faranti. Nan ne kuka shigo, ku da kuka sha aduwa a watan nan har Hannatu ta yi gudawa, ina ta cewa ku ƙara, ƙwallon nake so. Na zaci na gama, sai babanku ya karɓi tambayoyin da na rubuta mata, ya sa tabarau, ya karanta, ya miƙo mini.

"Waɗannan ba su ne na sauran yaran ba."

"Na ɗan rage musu nauyi ne."

"To ki ba ta maki kawai ki huta, me ya kawo wahalar zare? In za ki yi, tambayar kowa ita ce tata. Wani ya karanta mata, ba ke ba. Wani ya duba, ba ke ba. Ke kada ma ki kusanci ɗakin."

Na yi fushi, na ce shi bai san tausayi ba. Ya ce tausayin ne zai kashe yarinyar. Kwana biyu ina ba shi abinci ba magana, a na ukun na yaga tambayoyina.

Saura batun lokaci. Ɗinki ya fi rubutu cin lokaci, dole a ƙara mata, amma nawa za a ƙara ba a zalunci sauran ba? Kuma wa ya tabbatar hanyar ba ta fi takarda sauƙi ba? Shi ya sa duk Asabar da la'asar nake shimfiɗa muku tabarma, ku yi tambayoyi da biro, sannan ku yi irinsu da allura, babanku yana riƙe da agogo kamar mai hura wasan ƙwallo. Saratu, ke da kika iya ɗinki, da ke muka auna lokacin. Ishaku kuwa, kai da kake cin lissafi a makaranta kamar tuwo, da aka ba ka allura ka soke yatsa, ka rikita ja da shuɗi, ka tashi da abin da ko rabi bai kai ba. Ka jefar da yadin ka ce wannan mugunta ce, ba jarrabawa ba. Babanku ya yi dariya har da tari.

"Ka ji yadda Falmata take ji kullum in an ba ta biro," in ji shi.

Ban taɓa gaya masa ba, amma a ranar na ƙara son mutumin nan.

Shi ne kuma ya zaunar da ni kafin in kai wa hedimasta maganar. A shekarar ana maganar ba ni mataimakiyar hedimasta, kowa ya san ni ce a layi, har mun fara lissafin gyaran rufin ɗakinku. Ya ce in sani, duk yadda muka tsare gaskiya, akwai wanda ɗansa zai faɗi ya ji an ce wata ta ci da zare, kuma ba zai yi shiru ba. Ya ce ba hana ni yake yi ba, so yake in shiga da ido a buɗe. Na kai maganar gaban Ubangiji, na kuma kai ta zumuntar mata aka taya ni addu'a, ko da yake rabinsu ba su gane abin da nake nufi da yadin ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne in zauna a kujerar mataimakiya ina sane da cewa na bar yarinyar da ta iya rabawa ta tafi gida da sunan daƙiƙiya. Na ce masa zan yi. Ya ce to, Allah ya taimaka, ya tashi ya je ya sayo mini ƙarin baƙin zare.

Malam Bukar ya juya yadin a hannunsa ya fi a ƙirga, ya ce shi dai bai taɓa gani ba, amma ga shaida, wannan ko wa ya zo zai iya ƙirgawa. Ya sa hannu. Na yi makonni ina koya wa Falmata tsarin a lokacin tara, ita kuwa ta kama shi tun ranar fari, har ta gyara mini yadda ake ƙulle zare kada ya warware. Ranar jarrabawa aka zaunar da ita a ɗakin ajiyar littattafai tare da malamar Turanci, mace 'yar'uwarta, tana karanta mata tambaya ɗaya-ɗaya, kowacce sau biyu, ba ƙari ba bayani. Ni aka tura ni tsaron aji uku a can ƙarshen makaranta. Ban san abin da yaran aji ukun nan suka yi ba a ranar, ko littafi suka buɗe ban gani ba, hankalina duk yana wancan ɗakin. Malamin aji shida ne ya duba yadin, mutumin da ko gaisuwar kirki ba ma yi da shi, kuma ni na roƙa a ba shi. Da ya gama ya aiko a gaya mini yarinyar ta haye. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta zo ta goma ba, tana can tsakiya. Na shiga bayan aji na yi kuka na share ido na fito.

Abin da babanku ya hango bai ɓata lokaci ba. Cikin hutu wani uba ya kai ƙara ofishin ilimi, aka kira ni da hedimasta. Suka baza yadin a kan tebur, suka ƙirga da kansu, suka kira malamar Turanci da malamin aji shida suka yi musu tambayoyi. Ku ji da kyau, nan ne maganar take: ba su same ni da satar amsa ba, kuma sun bar wa Falmata sakamakonta. Abin da suka ce shi ne an sauya tsarin jarrabawa ba da izinin sama ba. Malam Bukar, mutumin da nake cewa matsoraci, ya miƙe tsaye ya ce shi ya ba da izini, in hukunci ne a fara da shi. Duk da haka dole a sanyaya ran masu ƙara, sai aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata makaranta can bayan Old Maiduguri, kujerar mataimakiya kuma aka ba wani. Canji ne, ba kora ba. Amma kafin labari ya iso unguwarmu ya riga ya sauya kaya.

Ku kuka biya kuɗin abin nan tare da ni, na sani. Keke Napep biyu nake hawa kafin in isa, sai na fita tun gari bai gama wayewa ba. Saratu, ke kika koma dama kunu da shirya Hannatu kina 'yar shekara nawa. Rufin ɗakinku ya ƙara damina biyu yana zuba, kuna kwana da roba a gefen katifa. Ba wanda ya taɓa yi mini gori a cikinku, babanku ma bai taɓa cewa ai na faɗa miki ba, alhali ya faɗa. Ina gode wa Allah da ya ba ni ku. A sabuwar makarantar ma na tarar da irin su Falmata, ba ɗaya ba ba biyu ba, kowanne da inda nasa ya maƙale, kuma wannan karon na san in fara neman izini a rubuce kafin in sayo zare.

Amma duk wannan daga baya ne. A cikin hutun nan abin da ya hana ni barci daban ne. Surutun da ya iso unguwarmu ya isa unguwar su Falmata, kuma can cewa aka yi malamai sun ji tausayin marainiya sun ɗaga ta. Na aika a tambayi Ya Gana ko yarinyar za ta koma, ba ta ba da amsa ba. Na ce shi ke nan, na rasa kujera, na rasa makaranta, yarinyar kuma za ta zauna gida.

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin a koma, da hantsi ina wanki, sai na ji sallama. Ya Gana ce, ita kaɗai, ta tako tun daga unguwarsu. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, ta sha kaɗan ta ajiye. Ta ce ta ji abin da ya same ni, Allah ya ba da haƙuri. Sannan ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malama, ke mai addini ce, ni ma haka. Don girman Allah ki faɗa mini gaskiya. Ta iya ne, ko tausayinta kuka ji? In tausayi ne na gode, amma ba zan tura ta aji shida a sake yi mata dariya ba."

Na miƙe. Na shiga ɗaki na ɗauko yadin, don ofis sun mayar mini da shi, na baza mata a cinya. Ba ta iya karatu ba, amma ɗinkin 'yarta ta san shi. Ta bi layukan da yatsa a hankali. A gefen wasu akwai alamar daidai, a gefen wasu malamin aji shida ya kanta jan kuros na kuskure, babba-babba, har biron ya huda yadin. Ta tsaya a kan ɗaya.

"Wannan fa?"

"Ta faɗi wannan."

"Wannan ma?"

"Shi ma. Da wannan, da waɗancan na ƙasa. Ba ta iya su ba tukuna, aka kayar da ita."

"Ba wanda ya gyara mata?"

"Ba wanda ya gyara mata. Sauran kuma da kike gani, ba wanda ya taya ta."

Ta daɗe tana kallon jajayen alamun nan, ta fi kallonsu a kan na daidai. Sai na ga ta ja gefen lafaya ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, na rasa kuka take ko dariya. Da ta buɗe, duka biyun ne.

"Shekara uku ina ce mata ta daure, a raina kuwa na riga na haƙura da ita," in ji ta. "Ashe yarinyata tana da kai."

Ta ninke yadin da kyau, ta tambaye ni ko za ta iya tafiya da shi. Na ce nata ne. Ta miƙe ta sa takalmi, har ta kai zaure ta juyo.

"Ran Litinin ƙarfe nawa ake shiga aji shida?"